Ƙulli Arba'in da Ɗaya

Gwaggo,

Ina sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa a cikin dangi, cewa ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, turmin haƙorina na gefen hagu ya ajiye aiki, bayan shekara arba'in da 'yan kai yana yi mini hidima ba hutu. Ya tafi ya bar 'yan'uwa ashirin da tara, biyu daga cikinsu suna jinya. Likita ya nuna mini shi a ɗan faranti, muka yi bankwana. Ba sai kowa ya zo gaisuwa ba.

Bayan haka ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwa? Yaya kunnen nan da ya raba mu da waya, ya mayar da mu zamanin ambulan? Maman yara tana gaishe ki. Yaran ma sun ce a gaishe ki, ko da yake ba su ɗago kai daga wayoyinsu ba da suka faɗa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗakin karatun da nake aiki zai yi nunin kayan tarihi, a kan mutanen da suka sari daji suka zauna inda ba kowa, har wurin ya zama gari. Da shugabanmu ya faɗi haka a taro, sai na gyara zama na yi gyaran murya. Shekara ashirin da shida ina jera tarihin kakannin wasu a kanta, ina kaɗe musu ƙura. Na ce yau dai ranar nawa kakan ta zo. Na ba su labarin mahaifinki: mutum ɗaya da matarsa, da diga, da guga, ya sauka a fili mai ƙaya inda ko tsuntsu ba ya wuni, ya haƙa rijiya, mutane suka biyo ruwan. Yau wurin har da fitilar ba da hannu da kantin sayar da firji.

Shugaba ya ce labari ba ya shiga akwatin gilashi, a kawo abin da ido zai gani.

To, a nan zan amsa laifina. Zuwan da na yi watan jiya, ranar da kika tafi asibiti karɓar magani, na sa Auta ta jawo mini tsohon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonki. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata, kin kuwa san ƙanwar tawa ba ta iya ce mini a'a tun tana rarrafe. A ciki na sami igiyar Kaka. Na yi niyyar gaya miki da kika dawo, sai hira ta ɗauke mu, direba kuma ya fara matsa hon.

Gwaggo, ashe a kan taska kike kwana! Igiyar tana da ƙulle-ƙulle a gefe ɗaya, a jere, tsaf-tsaf. Na shimfiɗa ta a tebur na ƙirga sau uku: arba'in da ɗaya. Na taɓa karantawa cewa mutanen da, a wasu ƙasashe masu nisa, da ƙulli suke ajiye tarihinsu. Ashe namu tsohon ma marubuci ne, igiya ce takardarsa. Ƙulli ɗaya, rijiya ɗaya. Rijiya arba'in da ɗaya da hannu biyu! Ni da aka ba ni sunansa, ramin da na taɓa haƙawa a rayuwata na dashen lemo ne, shi ma bai kama ba.

Ki taimaka ki tuno mini inda rijiyoyin suke, ko da rabinsu ne, in sa a ɗan littafin da za mu raba wa baƙi.

Ɗanki mai giɓi

* * *

Babana,

Na sami takardarka. Allah ya ji ƙan haƙori. Ni nawa saura shida, ban taɓa rubuta wa kowa takarda a kansu ba.

Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Yatsu ne yanzu suka shiga sahu, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe biro. Ka gaida matarka, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan naku.

Auta ta sha faɗanta. Naka yana nan a ajiye.

Baba rijiya tara ya haƙa. Uku ba su ba da ruwa ba. Ɗaya jaki ya faɗa ciki aka cike ta. Ka rubuta haka in rubutu kake so.

Igiya kuwa ka maido mini. Ba ta kallo ba ce. Ina da sauran aiki a jikinta, kuma ba ni da lokacin da zan yi ta jira. Ka ba direban da ke kawo takarda, ka naɗe ta a leda kada ruwa ya taɓa ta.

Wanda ya shiga ƙarƙashin gadon tsohuwa ba ta nan, a zamaninmu akwai sunan da ake kiransa da shi. Don dai sunan ubana gare ka, bakina ba zai iya faɗa ba.

Gwaggonka

* * *

Gwaggo,

Gaisuwa, da fatan yatsu sun saki. Mu lafiya lau. Maman yara ta ga layin da kika yabe ta, ta zare takardar daga hannuna ta adana. Ina jin ranar rigima za ta fito da ita.

Sunan da ba ki faɗa ba ya iso, na kuma san na ci shi.

Game da aikin da kika ce kina da shi, direba zai miƙa miki ƙunshi. Igiya ce sabuwa fil, ta roba, shuɗiya, yadi ashirin. Mai kantin ya rantse mini za ta ja mota. Ki yi shanya a kanta, ki ɗaure duk abin da kike son ɗaurewa. Amma ba zan zuba ido a shanya zannuwa a kan tarihi ba.

Maganar tara kuwa, cikin ladabi nake cewa, tara ɗin su ne waɗanda kika gani da idonki. Ke ce ta biyun ƙarshe a 'ya'yansa, kafin a haife ki ya yi shekaru yana haƙa. A aikinmu an koya mana cewa abin da mutum ya riƙe a ka yana tsufa tare da shi, amma abin da aka ƙulla yana nan yadda aka ƙulla shi. Kada ki ce na ce kin tsufa. Littattafai ne suka faɗa, ni ɗan aike ne.

Da kin ga gidan da aka yi mata, da kin huce. Kafinta ya haɗa akwati mai murfin gilashi, aka shimfiɗa baƙin ƙyalle a ciki, aka sa 'yar fitila a sama. Na naɗe igiyar da kaina, na bar jelar mai ƙulli a miƙe. A gefenta akwai garmar wani, a ɗaya gefen akwai tsohuwar fitilar wata, amma duk wanda ya shigo wurin tamu zai fara tsayawa. Na rubuta a kati: "Igiyar wani mahaƙin rijiya. Kowane ƙulli rijiya ce." Na so in ƙara "kakan ma'aikacin da ke tsaye a bayanka", shugaba ya hana.

Bari in ajiye wasa kaɗan. Jiya da rana, da abokan aiki suka fita cin abinci, na tsaya ni kaɗai a gabanta. Akwai wuraren da ta yi baƙi tana sheƙi, inda tafin hannu ya yi ta bi shekara da shekaru. Har yanzu tana warin laka. Na ɗora hannuna a wurin, sai na ga nawa hannun kamar na jariri. Abin da nake iya tunawa na Kaka kaɗan ne, ina da shekara biyar ya rasu: tsoho a bakin ƙofa, igiyar nan a cinyarsa, yana ta ƙwaƙular ta da farce. Ko da ƙafa ta daina sauka rami, bai daina gyaran kayan aikinsa ba. Irin waɗannan mutanen aka yi, sannan aka yi mu, masu ciwon baya saboda zama a kujera.

Wata uku kawai za a yi ana nunin. Da an rufe zan kawo miki ita da hannuna.

Ɗanki

* * *

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yau sati shida ke nan ban ga rubutunki ba. Sau biyu ina tare direba a tasha, ya ce ya miƙa ƙunshin, aka karɓa, ba a ce komai ba. Na kira Auta, ta ce kin ɗan kwanta amma da sauƙi, ta kashe waya kafin in yi tambaya ta biyu. Ko dai ciwon ya fi yadda ta faɗa, ko kuma an hana ta magana da ɓarawon ƙarƙashin gado. Ina roƙon Allah ya sa na biyun ne. Fushinki na saba da shi, ya fi mini sauƙi.

An buɗe nunin. Shugaba ya yi jawabi na minti arba'in a kan muhimmancin taƙaita magana. An raba ɗan littafina, kwafi ɗari uku, na ga har mutum biyu suna karantawa, sauran suna fifita da shi.

Amma igiyar, Gwaggo! Ba ta buƙaci jawabin kowa ba. 'Yan makaranta suna zuwa aji-aji, malamarsu ta tsayar da su a gaban gilashin, su ƙirga ƙullin da ƙarfi baki ɗaya, in sun kai arba'in da ɗaya su yi tafi. Wani tsohon injiniyan ruwa ya tsaya kusan rabin awa, ya cire tabarau ya share ido. Ya ce mini, "Malam, mu da injuna da motoci ba mu yi rabin wannan ba." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, kamar ni na haƙa.

Wannan ya kawo ni ga wata magana. Shugaba yana son igiyar ta zauna a nan dindindin, a ba ta lamba, a sa sunan gidanmu a bango. Na san na yi miki alkawarin wata uku. Amma ki duba: a ƙarƙashin gado asu ne zai gaje ta, a nan kuwa jikokin jikokinmu za su zo su gani. Ke ce babbar da ta rage mana, sai da sa hannunki. Ga takardar na haɗo, wurin da na yi alama da fensir nan za ki sa.

In ba za ki sa ba, ki rubuto ki zage ni. Layi ɗaya ya isa, in dai ga hannunki.

Ɗanki

* * *

Babana,

Ina amsa gaisuwa. Ban mutu ba. Kwana goma sha biyu na yi a asibitin da na yi wa aiki shekara talatin da huɗu, yaran da na karɓi haihuwarsu suna ce mini "Inna, a daure a sha magani." Likita ya ce zuciyata ta gaji. Na ce masa ta yi ƙoƙari.

Takardar da ka aiko in sa hannu ta yi amfani. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, ya daina rawa.

Wannan wasiƙar kwana huɗu na yi ina rubuta ta. Ka karanta kai kaɗai.

Kai ka karanta littattafai, amma ba ka taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ba. Muddin mahaƙi yana cikin busasshiyar ƙasa, yana hawa ya sauka yadda ya ga dama. Ranar da ya kai jiƙaƙƙen yashi kuwa, ba shi da ikon kansa. In ya tsaya kafin ya jera duwatsu ya tare gefe, yashin zai zubo ya cinye aikin wata guda, ko ya rufe shi a ciki. Sai ya yi kwana uku, huɗu, tun fitowar rana har faɗuwarta yana ƙasa, ruwa iya gwiwa, laka har gira. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Innarmu tana sama tana jan guga. Duk sallar da ta wuce shi yana ciki, sai ta yi ƙulli a jelar igiyar. In ya fito ya zube kamar an jefar da buhu, gobe a koma. Kullum yana cewa zai rama. 'Ya'ya suka zo, wata rijiyar ta zo, yasar tsofaffin ta zo. Ƙulli ya haura ɗari biyu.

Abin da ka gan shi yana yi da farce a bakin ƙofa ba gyara ba ne. Ya rama salla ɗaya, ya kwance ƙulli ɗaya. Ƙullin da ya sha ruwa shekara talatin ba ya kwantuwa ta daɗi, wani sai ya wuni a kansa da tsinke. Ranar da ya gama ya kira ni ya miƙo mini ita, ya ce, "Ungo, na sallame ta." Babu ƙulli ko ɗaya a jikinta. Ko ɗaya, Babana.

Arba'in da ɗayan da 'yan makaranta suke yi wa tafi nawa ne.

Ka tuna ɗana Dogo, kana da shekara goma sha shida lokacin da ya rasu. Rabin unguwar nan a hannuna suka faɗo duniya. Nawa ɗaya tak, mota ta ɗauke shi yana da goma sha tara, a hanyar sayo mini maganin tari. Mutane suka yi ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Da masu gaisuwa suka watse, na naɗe dardumata na ɗora a saman durowa. Shekara goma sha ɗaya goshina bai taɓa ƙasa ba. A asibiti in ce na yi a gida, a gida in ce na yi a asibiti. Aikin ungozoma yana da wannan rufin asirin. Mijina ya rasu bai sani ba, ubanka ma haka.

Amma duk wata in ya kama, sai in jawo akwatin in yi ƙulli ɗaya. Kada ka tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Allah ya yafe mini, gaba nake yi da Mahaliccina kamar yarinyar da aka yi wa tsawa, ga shi kuma ina ƙullawa. Ɗari da talatin da biyu.

Wata Laraba da hantsi aka haifi wata yarinya ba ta numfashi. Ina murza bayanta, ina hura mata baki, sai na ji wata tana ta roƙon Allah da ƙarfi a ɗakin. Na waiga in ce a yi mana shiru, ashe bakina ne. Yarinyar ta tsala kuka. Yanzu ita ce ke miƙo mini magani a kemis, ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo.

Daga ranar na sauko da darduma. Na baya kuwa na yi kamar na manta. Sai da na kai saba'in da uku na je wurin liman, na ce wata ƙawata ce ta bar salla shekaru, yaya za ta yi? Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Inna, ki ce wa ƙawar taki ta fara yau. Kowace salla ta haɗa da ɗaya ta baya." Haka nake yi. Wata guda na ramuwa, ƙulli guda. Na kwance casa'in da ɗaya.

Tun da ka ɗauke ta na rama wata uku, a asibiti ma a kwance na yi. Ƙulli uku da ya kamata a ce sun tafi suna nan a cikin gilashinka, an haska musu fitila.

Shekarata tamanin da ɗaya. Ka iya lissafi, ka duba wata arba'in da ɗaya shekara nawa ne.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kai ka sa na faɗa, da taurin kanka irin na mai sunanka. Kada ka sa ni a littafi.

Gwaggonka

* * *

Gwaggo,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta ni kaɗai, sau uku, na kulle a durowar ofis. Ba wanda zai gani.

Tun ina yaro nake tsoronki, yanzu na rasa sunan abin da nake ji. Jiya wani aji ya zo ƙirga, na fita na tsaya a baranda har suka gama.

Maganar dindindin ta mutu, tebur ya riƙe takardarsa. Amma ga wata shawara, ki auna. Saura sati biyar a rufe nunin, kuma shugaba ya gayyato manyan baƙi a satin ƙarshe, ya yi musu alkawarin igiyar. In na zare ta yanzu, sai an tambaye ni dalili, ni kuwa dalilin ba nawa ba ne balle in faɗa. Ai sallar ce abin nema, ƙullin tuni ne kawai. Ki ci gaba da ramuwarki. Makullin akwatin yana hannuna, zan iya kwance miki ukun nan da sassafe kafin kowa ya zo, in wata ya cika in ƙara ɗaya. Ko kuma Auta ta yi miki ƙulli talatin da takwas a wani zaren ki riƙa bi, kafin taki ta dawo.

Kin ga an rufa asiri, aiki kuma bai tsaya ba.

Ɗanki

* * *

Babana,

Jiki da sauƙi. Kai ne dai har yanzu ba sauƙi.

Lissafi yana kaina, ban aike ka ka riƙe mini ba. Ba kai ka ɗaura ba, ba kai za ka kwance ba.

Da na fara, daga na ƙarshe na faro, waɗanda na yi bayan zuciya ta fara sanyi. Su da kansu suke saki. Waɗanda suka rage na farko-farkon ne. Da haƙori na ja su. Na san kowanne, na san abin da na faɗa a raina ranar da na ɗaura shi. In na zauna da tsinke ina fama da shi, a nan nake janye maganar. Wannan ba a yin sa a sabon zare.

Bara wuni ɗaya nake yi a kan ƙulli. Bana kafin ka ɗauke ta sai da na kwana huɗu a kan guda. Likita ya ce yatsun ba za su dawo ba, gaba za su yi. Sati biyar a wurinka ba komai ba ne.

In ba za ka kawo ba ka faɗa, in daina sa Auta leƙen mota.

Gwaggonka

* * *

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Mu lafiya. Wannan takardar za ta riga ni da kwana ɗaya, ni da igiyar muna tafe ranar Asabar a motar farko. Ban yarda in ba direba ba.

Na buɗe akwatin yau da ƙarfe tara, ɗaki cike da mutane. Shugaba ya taho har yana tuntuɓe.

"Malam, lafiya? Ina za ka da ita?"

"Mai ita tana nema."

"Mai ita? Ba ka ce ya rasu shekara arba'in da bakwai ba?"

"Ya bar wa wata. Aro na yi, ban ma tambaya ba."

"To manyan baƙin fa? In nuna musu me, ƙyalle?"

Na ce ya nuna musu kati. Na zare tsohon na sa wanda na rubuta da safe: "Wani mahaƙi ya sauka inda ba kowa. Ya haƙa rijiya tara, uku ba su ba da ruwa ba. Matarsa ce ke jan guga. Igiyarsu tana wurin aiki." Ya karanta, ya ce daga arba'in da ɗaya zuwa tara ai faɗuwa ce. Ya tambayi me ƙullin yake nufi ke nan. Na ce ban iya karanta shi ba. Ya ce zai rubuta mini takardar gargaɗi, na ce a taƙaita. Sauran kwafin littafina na kwashe su zuwa gida, maman yara ta ce za su yi daidai da shimfiɗar kanta a kicin.

Da na zo naɗe ta a tebur, na bi dogon ɓangaren da na cusa a ƙasa don ba shi da abin kallo. Ba miƙaƙƙe ba ne. Duk inda aka taɓa yin ƙulli aka kwance, igiyar ta ɗan karkace, ta yi laushi. Na bi da yatsa na sami naki casa'in da ɗaya. A tsakaninsu da gaba da su akwai wasu tsofaffi da suka kusa shafewa, har na gaji da ƙirga. Wata uku tana hannuna, da fitila a kanta, ban gani ba.

Na sayo tsinken saƙa na ƙarfe mai kauri, wanda yatsa zai iya riƙewa ba wahala. Ba zan taɓa ƙulli ko ɗaya ba. In kin yarda, in riƙe miki ɗaya bakin igiyar kada ta zame. In ba ki yarda ba, in zauna a waje.

Na yi kuskure, Gwaggo, tun daga ƙarƙashin gado. Ki yafe mini.

Ɗanki